Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Duk ranar Lahadi in kasuwar Tawa ta cika, ba ka rasa mai lasifika yana tallar maganin basir. Mu ma ma'aikatan radiyo muna da namu kaso na laifi, don sau da yawa da bakinmu tallar take shiga gidaje. Alhaji mai shago da Hajiya mai tebur, in suka ga jini wajen ba-haya, sai su sayi ƙulli ɗaya su yi shiru. Wannan shirun ne ya sa muka ɗauki alƙalami yau.

Akwai wata cuta, sankarar dubura, da ke farawa da kamannin basir: jini, ƙaiƙayi, zafi, ko ɗan ƙullutu a bakin dubura. Mafi yawanta daga ƙwayar cutar HPV take, wadda ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Tana kama maza da mata, amma ta fi yawa ga mata. In an gano ta da wuri, yawancin masu ita suna warkewa.

A da, fiɗa ake yi a cire duburar, mutum ya ƙare rayuwarsa da jaka a gefen ciki. A 1974 wani likita na birnin Ditiroyit a Amurka, Norman Nigro, ya nuna cewa in aka haɗa magani ta jijiya da gashi da haske mai ƙarfi, sankarar na iya narkewa ba tare da wuƙa ba. Gashin kan ɗauki mako biyar zuwa shida.

To amma hasken nan wuta ne. In ya kauce ya ƙona nama mai lafiya, in ya gaza ya bar cuta a baya. Shi ya sa dole likita ya san iyakar ciwon kafin ya kunna na'ura. Nan ne hoton da ake kira PET yake da amfani. Ana yi wa maras lafiya allurar wani irin sukari mai fitar da ɗan haske. Sankara ta fi sauran nama kwaɗayin sukari, sai ta zuƙe shi, na'ura kuma ta nuna inda ya taru. Da haka ake ganin ko cutar ta kai ga kaluluwar matsematsi ko ta cikin ƙugu, ko da ba ta kumbura ba tukuna. Sai likita ya shata filin gashin daidai da abin da ya gani.

Wannan sukari ba hajar ajiya ba ce. Cikin minti 110 rabin ƙarfinsa ya tafi, saboda haka dole injin da ke haɗa shi ya kasance kusa da asibiti. Aiki ne na kuɗi masu yawa da ƙwararru, sai gwamnati ta sa hannu.

Tun 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit, hanyarsa kuma ta Tawa ta bi. Amma sai a 2021, bayan shekara 50, aka buɗe sashen gashi na farko a ƙasar, a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Mun yaba. Sai dai daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500. Matar da ta taso daga Barmu ko Takanamat za ta rufe teburinta fiye da wata guda, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci. Jarinta ne zai fara ƙonewa.

Muna kira ga mahukunta su sa hoton PET cikin tsarin bunƙasa cibiyar Yamai, su tanadi masauki ga masu zuwa daga nesa, su kuma ƙarfafa babbar asibitin Tawa ta yadda za a riƙa duba mutum a ɗauki ɗan nama a auna shi ba da jinkiri ba.

Ku kuma iyayenmu mata da ƴan kasuwa, na'urar da ta fi kowace tsada ba ta amfanar wanda ya zo a makare. In jini ya ƙi tsayawa, ko ƙullutu ya fito, ko kaluluwa ta taso ba dalili, ku je likita ya duba. Mai ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi.