Filin Matafiya: Dama ko hagu cikin jirgin sama?

Da can, mutumin Gure daga ƙasa yake hangen jirgin sama. Yanzu kuwa manomi da makiyayi suna shigarsa, wani zuwa Makka, wani zuwa Yamai. Amma da yawa sukan zauna inda aka nuna musu, su sauka ba su ga komai ba. Wannan hasara ce, domin taga makaranta ce.

Da farko, matafiyi ya roƙi kujerar taga tun wurin awon kaya. Kowace kujera tana da lamba da harafi. Harafin A shi ne tagar hannun hagu. Tagar dama kuwa harafinta yakan zama D ko F, gwargwadon faɗin jirgin. Ga amfanin karatun manya ke nan: mai karatu ya duba takardarsa da kansa. Kuma ya guji kujerar da ke bisa fiffike, don fiffike yana tare ƙasa.

Na biyu, ya san inda jirgi ya dosa. Wanda ya fuskanci gabas, arewa tana hagunsa, kudu tana damarsa. In ya juyo yamma, sai abin ya juye.

Ga misali. Jirgi ya tashi daga Damagaram ya miƙe zuwa Difa, tafiyar kusan kilomita 400. Mai tagar hagu shi ne zai hangi hanyar kwalta, da Gure can arewa, wajen kilomita 40, da Gudumariya. Mai tagar dama zai ga Maine Sorowa, daga baya kuma kogin Komadugu, wanda ya raba Nijar da Najeriya. A komowa, mai son ganin Gure sai ya koma dama.

Na uku, ya lura da rana. Taga mai rana tana kashe ido, ƙasa ba ta fita sosai. A Gure, yawancin shekara rana ta gefen kudu take bi, balle da ɗari. Sai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta take karkata arewa. Saboda haka tagar arewa ta fi samun inuwa. Lokacin hunturu kuma hazo yakan rufe ƙasa, kowace taga ɗaya ce. Da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, nan ido yake cin nisa.

To, me za a gani? Tsakanin Gure da Maine, ƙasa fara ce, da ɗigo-ɗigon kore. Farin, rairayi ne. Koren kuwa kwari ne, inda goruba da dabino suke, inda ake noman rani, ake haƙar kanwa. Daga sama ana ganin abin da mai gona ba ya gani daga bakin gonarsa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta nan tudun rairayi yake matsowa bisa kwari. Kewayen rijiyoyi, inda kofato ya yi yawa, ƙasa tsirara take. Inda mutanen gari suka kafa shinge bisa tudu kuwa, sai a ga layi-layi kamar gidajen dara, da ciyawa a tsakani.

Gani ya kori ji. Wanda ya ga haka da idonsa, ba sai malamin daji ya daɗe yana yi masa bayani ba. In ya komo gida, ya tara maƙwabta ya ba su labari: ta wane gefe rairayi yake zuwa, a ina shinge ya tsayar da shi. Wannan tsaraba ta fi turare.