A sassauta haraji ga masu gina gidajen talakawa a Lafiya



Tun da Lafiya ta zama hedkwatar Jihar Nasarawa a 1996, sannan Jami'ar Tarayya ta zo, haya ke ta hauhawa. A Bukan Sidi ko Shabu, mai albashin naira 70,000 kan kama ciki da falo, ya raba banɗaki da maƙwabta, kuma a nemi kuɗin shekara gaba ɗaya. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka jiha na da ikon yafe kuɗin takardar mallaka da harajin fili a hukumar filaye ta jiha, NAGIS, ga duk magini da zai gina ƙananan gidaje masu araha.

Za a ce jiha za ta yi asarar kuɗin shiga, to amma fili da ke zaune kango me yake kawowa? Babban abin tsoro shi ne magini ya ci rangwame ya sayar wa attajirai. Maganinsa a ƙayyade farashi a rubuce, a fifita masu zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsu a asusun gidaje na ƙasa, maginin da ya saɓa kuma ya biya harajin duka. Ya kamata Majalisar Dokokin jiha ta mai da wannan doka.

Wassalam,
Mai karatu daga Lafiya