Kwamfuta da Girman Ɗan Tayi: Sai an Auna, an Rubuta

Manomin masara a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi, idan ya ratsa gonarsa a watan Agusta, kaurin kara da launin ganye sun ishe shi ya faɗi yadda amfanin bana zai kasance. Damuna da yawa ya gani, ya kuma riƙe alamar da ke zuwa da albarka da wadda ke zuwa da asara. Kusan ta wannan hanya ce masana ke koya wa kwamfuta hasashe. Akan ɗura mata bayanan dubban mata masu juna biyu, kamar shekaru, tsawo, nauyi, awon jini, yawan haihuwa, da nauyin jaririn da kowace ta haifa. Daga nan sai ta tsinto alamomin da suka fi yawa ga waɗanda 'ya'yansu ba su girma sosai a ciki ba, ta yi aiki da su a kan mace ta gaba.

Matsalar da ake son hangowa ba ƙarama ba ce. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, jaririn da bai kai giram 2,500 ba yana da ƙarancin nauyi, kuma ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna kusan ɗaya cikin jarirai bakwai na duniya haka aka haife su. Wasunsu bakwaini ne. Wasu kuwa watanninsu sun cika, amma mabiyiya ba ta isar musu da abinci yadda ya kamata ba, saboda zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin jini, ko hawan jini, ko yunwa. A kudancin Jihar Katsina, tsakiyar damina kan haɗa biyu daga cikin waɗannan: rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa.

Babu shakka wannan fasaha na da amfani. Kafin a ce ɗan tayi ya yi ƙanƙanta, dole a san makonsa nawa, alhali mata da yawa, musamman masu cikin fari, kunya kan hana su zuwa awo da wuri. A shekarar 2022, masana daga Jami'ar North Carolina ta Amurka tare da takwarorinsu na Zambiya sun nuna cewa kwamfuta na iya ƙiyasta makonnin ciki daga hoton da aka ɗauka ta hanyar goga ƙaramar na'ura a kan ciki kawai, ko da mai ɗaukar hoton ba ƙwararre ba ne. Irin wannan na'ura za ta yi rana a ƙananan asibitocin Bakori, Ƙafur ko Ɗanja.

Sai dai kwamfuta ba ta sanin abin da ba a nuna mata ba. Wadda ta yi karatunta da bayanan matan Turai ta saba da shan taba da haihuwa a manyan shekaru, ba ta san zazzaɓin damina ko cikin yarinya 'yar shekara 15 ba. Wadda kuma aka koya wa da bayanan manyan asibitoci kaɗai, ta ga waɗanda suka samu isowa ne kawai. Yawancin haihuwa a karkarar arewa maso yamma a gida ake yin ta, kuma jaririn da ba a ɗora a sikeli ba, babu shi a lissafi. Saboda haka aikin farko a wannan yanki shi ne awo da rubutu, kafin sayen na'ura.

Yankin ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki. A shekarun 1970, an gudanar da babban bincike kan cututtuka a ƙauyukan Malumfashi, da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool. A Zariya kuma, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun tattara bayanan haihuwa 22,774 a jere, aka buga sakamakon a 1985. Binciken ya nuna cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, su da jariransu, sun fi shiga haɗari nesa ba kusa ba. Ƙarfin wannan bincike ya fito ne daga haƙurin rubuta kowace haihuwa.

Abin da ya kamata shi ne a samar wa kowace cibiyar lafiya sikelin jarirai mai aiki da tef na auna tsayin ciki, a kuma horar da ungozomomi su kai rahoton haihuwar gida. Katin awo ya riƙa bin mace duk inda ta tafi, domin mai cikin fari kan koma gidan iyayenta goyon ciki, a haihu a wani gari daban da inda aka fara awo. Jami'o'in Zariya, Katsina da Dutsin-Ma na da masana lissafi da za su iya sarrafa waɗannan bayanai, bisa sharaɗin neman yardar matan da ɓoye sunayensu. Duk na'urar da aka shigo da ita kuma, a jarraba ta a kan matan yankin kafin a dogara da ita.

Har ila yau, hasashe ba magani ba ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, da hoton ciki ɗaya kafin mako 24. Idan kwamfuta ta nuna cewa cikin wata mata a Dandume na cikin haɗari, sai an sami maganin ƙarin jini, da na rigakafin zazzaɓi, da gidan sauro, da motar da za ta kai ta Babban Asibitin Funtuwa a kan lokaci. In babu waɗannan, abin da aka ƙara mata shi ne fargaba kawai.