Gidauniyar waya da darasin kwamfuta: nauyin da muke ɗora wa malaman firamare a Gwarzo da Kabo

Makonni kaɗan da suka wuce, bayan an tashi daga sujada, wata 'yar'uwa da ke koyarwa a makarantar firamare ta gwamnati a wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta miƙo mini wayarta ta ce, "Baba Fasto, don Allah ka duba wannan, in ka ga ya dace ka tura wa mutanenka na Kano da Abuja." Saƙon gajere ne. Akwai hoton ajinta da yara zaune a ƙasa, akwai lambar asusunta na banki, sai roƙon a taimaka mata ta sayi kwamfutar tafi-da-gidanka guda biyu, ko da na hannu ne, da ƙaramin faifan sola. Na ce mata, "Malama, bari in kwana da shi." Na kwana da shi fiye da dare ɗaya, domin roƙon nata gaskiya ne, amma hanyar da ta ɗauko tana iya jefa ta cikin abin da ba ta zata ba. Na kuma san ba ita kaɗai ce ke tura irin wannan saƙo ba.

Bari mu fara da abin da ya sa ta roƙa. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya, ta bakin Ministan Ilimi Tunji Alausa, ta sanar da sabuwar manhajar karatu da hukumar NERDC ta tsara. A cikinta, yaran aji huɗu zuwa shida na firamare suna da darasi na musamman a kan tushen sanin kwamfuta da na'urorin zamani. Dalilin a bayyane yake. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma a 2024 WAEC ta fara yin haka da masu zana jarrabawa daga waje. Yarinyar da ke aji huɗu yau a Getso ko Garo, nan da shekara takwas ko tara za a zaunar da ita a gaban allon kwamfuta tare da ɗan birni wanda ya tashi yana wasa da ita, a ba su lokaci iri ɗaya. Wanda ya taɓa raka ɗansa cibiyar JAMB ya ga yadda hannun yaro ke rawa a kan linzamin kwamfuta, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

To amma an rubuta manhajar a Abuja, ajin kuma yana ƙauye. Ranar 8 ga Yuni 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano, inda ya faɗa da bakinsa cewa ɗalibai fiye da miliyan 4.7 suna ɗaukar darasi a zaune a ƙasa, kuma makarantu kusan 400 malami ɗaya ne ke riƙe da kowacce. Jihar ta ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin ɗari na kasafin 2024, da kashi 31 a na 2025, kuma ya kamata a yaba wannan. Sai dai gyaran rufi da benci da ɗaukar malamai su ne a gaba, haka kuma ya dace. Kwamfuta tana can bayan layi. Malamar da aka miƙa wa sabon darasi ba tare da kayan aiki ba, zaɓinta biyu ne: ta rubuta ma'anar kwamfuta a allo yara su haddace, ko ta fita nema.

Fita nema ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da gayya aka yi noma aka yi jinka, da adashi mata suka aurar da 'ya'ya, da gidauniya aka gina ɗakunan sujada da masallatai da rijiyoyi. Abin da waya ta ƙara shi ne nisa da sauri. Tsohon ɗalibin da ke aiki a Legas zai iya turo dubu biyar ta Opay kafin malama ta gama share allo. Amma a gayya kowa yana ganin gonar, a adashi kowa ya san uwar adashi da ranar kwasa. A gidauniyar waya kuwa, kuɗi suna shiga asusun mutum ɗaya, ba wanda ya san jimillarsu sai shi.

A Amurka, inda wannan salon ya yi ƙarfi, sun gane matsalar tun da wuri. A shekarar 2000 wani malami mai suna Charles Best, a unguwar Bronx ta birnin New York, ya kafa DonorsChoose domin malaman makarantun gwamnati su bayyana abin da ajinsu ke bukata jama'a su taimaka. Abin lura a tsarin nasu shi ne kuɗin ba sa bi ta hannun malami. Ƙungiyar ce ke tantance roƙon, ta karɓi gudummawar, ta sayi kayan, ta aika makarantar, malami kuma ya mayar da godiya da shaidar amfani da su. Mutane suna ganin wannan a matsayin kariya ga mai bayarwa. Ni ina ganin malami ya fi kowa cin moriyarsa.

Ku duba halin da Malama za ta shiga idan kuɗin suka zubo cikin asusunta. A nan ne albashinta ke shiga, albashin da a Kano mafi ƙarancinsa naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024, wanda ba ya kai iyali ƙarshen wata. Ranar da ɗanta ya kwanta asibiti, kuɗin kwamfuta suna nan suna kallonta, za ta ce bari in ranta in mayar. Ko ba ta taɓa ko sisi ba, wa zai shaide ta? Abokan aikinta za su fara ƙus-ƙus cewa ta sami hanya. Hedimasta zai ji a bakin mutane cewa ana yawo da hoton makarantarsa, kuma shi ne zai amsa tambaya a gaban sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Tun da dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne, kuma Kano ta jaddada hakan a 2019, ba wuya wani ya fassara gudummawar da iyaye suka bayar da son ransu a matsayin harajin da malama ta ƙaƙaba. Mu da muke riƙe da kuɗin jama'a a ikilisiya mun san wannan darasin: ko Manzo Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi waɗanda za su raka shi, domin kada a sami abin zargi. Ba a ƙidaya baiko a ɗakin fasto. Me zai sa mu bar malama ta yi abin da mu ba ma yi?

Akwai kuma hoton yaran. Roƙo ba ya karɓuwa a waya sai da hoto mai ban tausayi, don haka ake neman yaron da rigarsa ta fi yagewa a sa shi a gaba. Wannan yaron yana da uba, kuma uban bai san fuskar ɗansa tana yawo a Facebook ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta nemi yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan ƙananan yara, amma ko babu doka, kunya da mutunci sun isa. A ɗauki hoton allo da bangon da ya tsage, ko a ɗauki yaran ta baya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda gidauniyar waya ke raba arziki. A 2018 wani malami a Ghana, Richard Appiah Akoto, ya zana fuskar Microsoft Word da alli kala-kala a allon ajinsa, saboda makarantar ba ta da kwamfuta kuma yaran za su zana jarrabawa a kanta. Hoton ya zaga duniya, aka aiko wa makarantar da kwamfutoci, kamfanin Microsoft ya gayyace shi taro a Singafo. Labari ne mai daɗi, kuma malamin ya cancanta. Amma malamai nawa ne suka yi irin wannan zanen a ranar, ba wanda ya gani? Haka abin zai kasance a nan. Malamar da ke da babbar waya, ta iya Turanci mai jan hankali, tana da ƙane a Abuja da fasto mai abokai, za ta samu. Malamin da ke can cikin lungu, inda sai an hau tudu ake samun sabis, ba zai samu ba, alhali ajinsa ya fi bukata. Idan muka bar darasin kwamfuta ya dogara ga roƙo, mun mayar da haƙƙin yaro caca.

Ko an sayi kwamfutar ma, aiki bai ƙare ba. A 2005 aka ƙaddamar da shirin ba kowane yaro kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte ya jagoranta, har aka gwada shi a makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta saye su da yawa ta raba a ƙauyuka. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da bincikensa a 2012, sai aka ga yaran sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu a lissafi da karatu bai ƙaru ba. Na'ura tana bukatar malamin da aka horar, da lokaci a jadawali, da wuta, da mai gyara. A yankinmu ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara da ke cin batir, ga aji mara ƙofa balle kwaɗo. Janareta ya fi ƙarfin makaranta tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin data kuma ya tashi bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Mai bayarwa yana son ya ga hoton sabuwar kwamfuta. Ba wanda ke ɗokin biyan kuɗin caja ta biyu bayan wata shida, sai ya faɗo kan albashin Malama.

Duk da haka ban ce a naɗe hannu ba. Akwai abu mai yawa da za a koyar kafin kwamfuta ta iso. A Jami'ar Canterbury ta New Zealand, Tim Bell da abokan aikinsa sun tsara darussan koyar da tunanin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba. Ɗaya daga ciki kati biyar ne kawai, masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16. Yara biyar su riƙe su a gaban aji, wasu su juya nasu wasu su bari, sauran su ƙidaya, sai ga shi sun gano yadda na'ura ke rubuta kowace lamba daga sifili zuwa 31 da "e" da "a'a" kaɗai. Kwalin taliya ya isa a yi katin. Da kwali kuma ake zana madannai kowane yaro ya san mazaunin haruffa, ta yadda minti biyar ɗin da zai samu a kan kwamfutar gaske ba za su tafi a neman harafi ba. Da waya ɗaya za a nuna musu yadda ake rubuta ƙ da ɗ da ɓ, su ga harshensu ma yana da gurbi a na'ura. Kuma darasin da zai fi saurin amfanar gida shi ne na tsaro: kada a faɗa wa kowa lambar sirri ta katin banki, ko lambar da banki ya turo, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. A gidaje da yawa ɗan aji biyar ne ke karanta wa uwarsa saƙon waya kuma shi ake aika wurin mai POS, don haka shi ne 'yan damfara za su fara cin karo da shi. Ga kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka buɗe a Maris 2022, mai darussa kyauta har da na Hausa.

Idan kuma za a tara kuɗi, hanya tana nan. Makarantun gwamnati suna da kwamitin SBMC, wanda ya haɗa hedimasta da iyaye da wakilan gari. Roƙon ya fita da sunan kwamitin, da sanin sakataren ilimi, kuɗin su shiga asusun da mutum biyu ko uku ke sa wa hannu, a karanta rasit a taron iyaye, kayan kuma a rubuta su a littafin makaranta domin kada su bi malama idan aka yi mata canjin wurin aiki. A ware kason gyara tun farko. Mu kuma da za mu bayar, mu tuna ajin na 'ya'yan gari ne duka, Musulmi da Kirista a tabarma ɗaya. Kada mu manna sunan ikilisiya a jikin kwamfutar, domin a yanki irin namu wannan kaɗai ya isa ya sa a kulle ta a ofis, ya kuma jawo wa Malama kallon da ba ta nema ba.

Kwamitin nan da ya iya tara kuɗi, ya iya rubuta takarda. Dokar UBE ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin tushe, jiha ta kawo nata kason daidai da na tarayya sannan hukumar SUBEB ta karɓa. Kuɗin 'ya'yanmu ne, tambayar inda suka shiga ba rashin kunya ba ce. Kabo mahaifar Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa ce, Sanata Barau Jibrin, kuma akwai babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya a garin. Ban ga abin da zai hana kwamitocin makarantun Kabo da Gwarzo su haɗu su nemi a riƙa horar da malamansu a can lokacin hutu ba, ko a turo ɗalibai su riƙa duba musu na'urori. Takarda ɗaya mai sa hannun makarantu ashirin ta fi saƙon waya ashirin nauyi, kuma ita ce za ta kai ga malamin nan na lungu.

Da na sake ganin Malama na ce mata ba zan tura saƙon yadda yake ba. Ranta bai yi daɗi ba, ta ce, "Baba Fasto, kwamitin nan fa rabonsu da zama tun bara." Na ce to, zaman farko sai ya zama a kan maganarki. Ta cire hoton yaran da lambar asusunta, ta kai wa hedimasta, ya ce zai kira shugaban kwamitin bayan an gama girbi. Kafin nan ta yanka kwali biyar ta ɗiga musu ɗigo, ta ce ranar farko sai da aka kaɗa ƙararrawar tashi sau biyu kafin 'yan aji biyar suka yarda suka ajiye katin.