Wai Hali Zanen Dutse: Amsa Ga Masu Cewa Mutanen Gure Ba Su Da Zuciyar Nema

Ranar wata Asabar da dare muna fada a Yamai, ana jiran shayi na biyu, sai hira ta gangaro kan tambayar nan da ba ta tsufa: me ya sa Maraɗi ta yi arziki, gabas kuwa tana nan jiya i yau? Wani abokinmu mai karatun tattalin arziki ya juyo ya dube ni ya ce: “Kai ɗan Gure, kar ka ji haushi, amma gaskiya ɗaya ce. Mutanen Maraɗi da kasuwa aka haife su. Ku kuwa Mangawa, in kun samu gero da ƴan awaki, shi ke nan an gama. Hali zanen dutse.” Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ba a fushi a fada. Amma maganar ta kwana da ni, domin ba shi kaɗai ke faɗar ta ba. Na ji ta a tasha, na ji ta a bakin ma'aikatan da aka turo mana daga nesa, kai har a bakin wasu ƴan Gure na ji ta, kuma wannan ta fi ciwo. To abokina, ga amsar da ban ba ka ba a daren nan.

Ni harshe nake karantawa, don haka bari in fara da kalmar da kuke fakewa a bayanta. “Al'ada” aro ce daga Larabci, kuma saiwarta tana nufin komowa, wato abin da aka yi aka sake yi har ya zama jiki. Ita kanta kalmar tana gaya maka cewa abin koyo ne. Mutane suna maimaita abin da ya fisshe su jiya, su bar wanda ya ƙone su. In ka ga jama'a sun riƙe wata ɗabi'a gam, tambayi abin da ya koya musu ita. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu mu zo ga Maraɗin da aka ce da kasuwa aka haifi mutanenta. Shekara 170 baya, da ka tambayi fatake a Kano me suka sani game da Maraɗi, da sun ce maka yaƙi. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa mulkinsu a can, kuma abin da aka san su da shi shi ne hawan doki da kai hari cikin ƙasar Sakkwato, musamman zamanin Ɗan Baskore. Kasuwa a lokacin tana gabas. Damagaram ta zamanin Sarki Tanimu ita ce zangon ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus. Tanimu ya gina ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin birninsa. Ba na ɓoyewa, cikin hajar wancan zamani har da bayi, kuma wannan abin kunya ne a tarihinmu. Amma ba wanda zai ce mutanen gabas ba su san ciniki ba.

Gure fa? A Disamban 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka Gure a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya tarar da ita babban birnin Muniyo a hannun Muniyoma Koso. Ƙasar Manga kuwa ita ke dafa gishirin mangul, ita ke haƙo kanwa, ana lodi a kan jakuna da takarkarai ana kaiwa Kano da gaba da Kano. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi guda a 1986 kan gishirin wannan yanki, ya nuna irin aikin da ake yi a kwarurrukan Mangari a kowane rani. Waɗannan su ne kakannin mutanen da kake cewa gero da awaki sun ishe su.

Ke nan a ƙarni na 19 Maraɗi mayaƙa, gabas fatake. A ƙarni na 20 sai abin ya juye. Jinin ne ya canja cikin shekara 50? Wane dutse ne zanensa ke gogewa haka da sauri?

Ga abin da ya canja. A 1899 Faransawa suka ci Damagaram. A 1911 layin dogo ya iso Kano daga bakin teku, kayan da a da raƙumi ke ketare sahara da su suka koma bin jirgin ƙasa, hanyar Tarabulus ta mutu. Gishirin Turai ya shigo da araha ya danne namu. Turawan Faransa da na Ingila suka ja iyaka ta raba ƙasar Manga gida biyu, kasuwar da kakanninmu ke zuwa da ƙafa ta zama “ƙasar waje”. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai. An ce ƙarancin ruwa ne, amma kusancinmu da Kano ta Ingilishi ma bai yi wa Faransawa daɗi ba. Daga ranar nan Gure ta wayi gari fiye da kilomita 1,000 daga inda ake sa hannu a takarda. Ba Bamange ko ɗaya da aka yi shawara da shi a cikin duk waɗannan.

Maraɗi kuwa sai ƙofofi suka yi ta buɗe mata. Kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa suka kafa kantuna a can, suka ba ƴan gari jari su shiga ƙauye su sayo musu. Nan alhazan farko suka koyi juya kuɗi mai yawa. Katsina na kusa, Kano na kusa, dogo na Kano. Da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke daga 1967 zuwa 1970, sannan kuɗin man fetur ya biyo baya, Maraɗi ta zama mashigar kayan da ake saukewa a Kwatano ana tsallakawa da su Najeriya, irin su atamfa da taba sigari. Emmanuel Grégoire ya bi wannan tarihi daki-daki a littafinsa kan alhazan Maraɗi, shi ma na 1986. Ba na rage musu komai. Sun yi wayo, sun yi ƙoƙari, sun riƙe amana tsakanin ubangida da bara. Amma wayo sai da ƙofa. Yau ma dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano, ina ya nufa? Maraɗi.

In kana son gwaji mai tsabta, tsallaka iyaka kudu da mu ka je Nguru a jihar Yobe. Mangawa ne a can, harshenmu ɗaya, aurenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, wasunmu ma kakanninmu ɗaya. A 1930 dogo ya isa Nguru daga Kano. Nan da nan garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu, baƙi suka cika shi. Da jirgin ya lalace, Nguru ma ta ja baya. Mutanen ba su sake hali sau biyu ba, ƙarfe ne ya zo, ƙarfe ya yi tsatsa. Masana a duniya sun daɗe da lura da irin wannan. Koriya ta Arewa da ta Kudu al'umma ɗaya ce mai harshe ɗaya, aka raba ta a 1945, yau dubi tazarar da ke tsakaninsu. Mutum uku da suka ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2024, Acemoglu da Johnson da Robinson, a kan wannan batu suka ci ta: tsarin mulki da dokoki da hukumomi su ke sa wata ƙasa ta wuce wata. Abokina, kai da ke karatun tattalin arziki, ai ka fi ni sanin sunayensu.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce to hanya fa, ba an yi muku ba? An yi. A shekarun 1970 aka shimfiɗa kwalta daga Gure zuwa Ngigmi da kuɗin Kanada, aka sa mata suna hanyar haɗin kai. Mun gode. Amma dubi taswira. Kwaltar gabas da yamma ta bi, don a haɗa mu da Yamai. Kasuwarmu kuwa kudu take kallo. Bisashen da aka saya a Subdu da Gidigir Najeriya suke nufa, Maigatari da Nguru da Kano. Shi ya sa duk ranar da aka rufe iyaka mu ke fara shan wuya. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har cikin 2024. Mai rago ya rasa mai saye, mai butiki ya rasa kaya. Wane mahaukaci ne zai zuba duk jarinsa a sana'ar da wani zai iya kashewa da sanarwa guda a rediyo?

Kuma kar a sake ce mana nisa ne. Man Agadem a can cikin rairayi yake, gabas da mu. An ja bututu an kai shi matatar SORAZ kusa da Damagaram, aka buɗe ta a 2011. Daga baya aka ja wani, kusan kilomita 2,000, har bakin teku a ƙasar Benin. Ashe in hukuma na son abu, tudun rairayi ba ya tare ta.

Sai zancen da aka fi yi mana gori da shi, wai mutanenmu sun gwammace su tara dabbobi da su kai kuɗi banki. To mu duba abin da banki ya koya musu. Babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe a 1990. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya. Saniya kuwa da safe tana nan saniyarta, har ta haihu. Makiyayin da ya ga wannan ya riƙe garkensa lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne. Ka kawo masa bankin da ke kusa da shi, wanda ke jin harshensa, wanda ba ya cin amanarsa shekara 20 a jere, ka ga ko al'adar ba ta motsa ba.

Harshe kuwa, nan ne abin ya fi ci mini rai. Ina da gwaggo mai sayar da tabarmin kaba da kanwa. Ba ta taɓa shiga lakwal ba. Tana ciniki da Manganci da Hausa da ɗan Fulatanci. Tana lissafi da dala, ta mayar jika, ta juya shi naira a ka, kafin ni ɗan jami'a in lalubo wayata. Wata shekara ta je wani ofis neman rancen da aka ce an tanada don mata masu sana'a. Aka miƙo mata takardu da Faransanci, aka ce ta kawo takardar haihuwa da ba a taɓa yi mata ba, aka ce ta dawo mako mai zuwa. Ta koma sau uku, ta haƙura, ta ci gaba da adashinta. Na tabbata a wani rahoto an rubuta cewa matan yankin ba su da sha'awar rance saboda al'ada. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Shekara 50 da ɗoriya, yawancin yaran ƙasar nan har yanzu da harshen da ba a yi a gidansu suke fara karatu. A Maris na 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, kuma na yi murna. Amma murnata ba za ta cika ba sai ranar da gwaggona ta ga takardar rance da Hausa, sai kuma ranar da yaron Bune ko na Kelle ya fara karatu da Mangancin da ya tashi da shi. In ba haka ba, mun sake wa ƙofa fenti ne, kwaɗon yana nan.

Kar wani ya ɗauka ina wanke mu tas. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Muna cire ƴan mata daga lakwal muna yi musu aure da wuri. Muna ƙona jarin shekara a biki guda. Masu gari da ƴan siyasarmu sun sha karɓar abin da aka aiko don talaka su yi shiru. Waɗannan namu ne, kuma mu za mu gyara su. Amma ko a nan, tambayi uban da ya cire ƴarsa. Sau da yawa zai ce maka kwalejin tana wani gari, ba shi da wanda zai riƙe masa ita, mushe ma rabin shekara ba ya nan, waɗanda suka gama kuma ga su zaune a fada. Ka kawo makarantar kusa, ka biya malami a kan lokaci, ka bari a ga ɗiyar maƙwabci ta zama ungozoma mai albashi, sannan mu zauna mu ƙirga iyayen da suka rage a kan bakansu.

Abin da ya sa nake ƙin maganar “hali” shi ne tana sallamar mai laifi. In talaucin Gure a jini yake, to minista ba shi da tambayar amsawa, prefe ba shi da ita, magajin gari ma haka. Mafi muni, yaron Gure da ya ji ta sau ɗari zai yarda, ya ɗauki jakarsa ya nufi Libiya ko Kano yana cewa garinsu ba ya albarka. A can kuma sai ka same shi yana aikin da ya fi na kowa. Zuciyar neman da aka ce ba shi da ita, a mota ya tsince ta?

Don haka ƴan'uwana ɗalibai, musamman ƴan gabas, ina roƙonku abu biyu. In hutu ya zo, ku zauna da tsofaffi ku rubuta yadda ake dafa mangul, da hanyoyin da fatake ke bi, da sunayen ma'auni da na zango, da harshen da suka faɗe su, tun kafin masu sanin su ƙare. Sannan duk wanda ya sake ce muku al'ada ce, ko a aji ko a ofis ko a fada, kar ku yi dariya kamar yadda na yi. Ku tambaye shi wace shekara al'adar ta fara, kuma wa ya sa hannu a takardar.

Kai kuma abokina, shayi na uku yana kaina ranar Asabar. Ka zo da taswira.