Takobin da Nasara ya bari

A shekarar 1906 Faransawa suka kama Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa, ƙanen Amadu Kuran Daga, bisa zargin yana ƙulla makircin hallaka Turawan da ke zaune Zinder. Su ne kuwa suka ɗora shi a 1899 bayan yaƙin Tirmini. Suka tuɓe masa rawani, suka kai shi Kodibuwa, suka danƙa ƙasa hannun Ballama, bawan fada. Da aka bar shi ya komo, gadon ubansa ya haramta gare shi. A Yekuwa ta ƙasar Magarya ya ƙare kwanansa a 1950.

Masu wanke Nasara suna cewa tsaro ne ya tilasta, tun da a wannan shekara Satiru ta yi bore kusa da Sakkwato. To, wane bore Duleep Singh ya yi? Yaro ne ɗan shekara 10 sa'ad da Ingilishi suka raba shi da sarautar Sik ta Panjab a 1849, suka kai shi Ingila. A 1886 da ya nufi gida, suka tsare shi a Adan, ya mutu a Paris a 1893. Haka Sarkin Kano Alu, an kama shi a 1903, ya rasu a Lakwaja a 1926. Laifinsu ɗaya: jama'a na iya taruwa bayansu.

Abin takaici, Nasara ya tafi ya bar takobinsa, masu mulki kuma ba su bar shi ya yi tsatsa ba. A 2001, cikin zamanin jam'iyyu da yawa, gwamnati ta sauke Sarkin Damagaram Abubakar Sanda, bai koma gadonsa ba sai 2011.

Kada ɗan kasuwar Dungas ko ma'aikacin Magarya ya ce rigimar fada ce. Hukumar da ta iya tuɓe rawani da takarda guda, rufe kanti ko jefa malamin makaranta ƙauyen da babu rijiya ba zai gagare ta ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sarki ba mala'ika ba ne. In ya ci amana, a kai shi gaban alƙali, a kawo shaidu, a bar shi ya kare kansa a bainar jama'a. Duk hukuncin da aka yanke ba ta wannan hanya ba, na kwamandan ne, ko da ɗan ƙasa ya sa masa hannu.