Direban da Ke Tsoron Hawan Dutse Ba Rago Ba Ne

A tashoshin motarmu direba zai iya gaya maka cewa ba shi da kuɗin mai, ko matarsa ta yi yaji, ko bashi ya yi masa katutu. Amma akwai magana ɗaya da ba ya furtawa ko da za ta kai shi lahira: cewa kansa na juyawa idan hanya ta hau dutse, ya ga kwazazzabo a gefen tayarsa. Ya san da ya faɗa za a mai da shi abin dariya, a ce ba namiji ba ne. Sai ya haɗiye abinsa, ya ɗauki rayukan mutane goma sha ya nufi tsauni da su. Ra'ayina shi ne wannan shirun ya fi tsoron kansa haɗari, kuma lokaci ya yi da direbobi da fasinjoji da hukuma za su ɗauki tsoron tsayi a matsayin lamarin kiyaye rayuka.

Ni ma ina cikin masu wannan tsoro, kuma neman abinci ya haɗa ni da hanyar Mambila. Ina sarin zuma da ganyen shayi da piya daga can sama, don haka hanyar Jalingo zuwa Gembu, ta Bali da Serti, ba baƙuwata ba ce. Tafiya ce mai cin yini. Har ka kai Mayo Selbe ba ka da wata damuwa sai ramuka da gajiya. Daga nan ne hanya ke miƙewa sama tana nannaɗe jikin dutse, kwana bayan kwana, dutse ya tokare ka ta hannu ɗaya, ta ɗaya hannun kuwa babu komai sai iska da kawunan itatuwa can ƙasa. Tsaunin Mambila yana da tsayin kusan mita 1,600 daga doron teku, kuma a yankin ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mai mita 2,419. Mutumin da ya tashi a Kano, inda ƙasa ba ta kai mita 500 ba kuma shimfiɗe take har iyakar ganin ido, jikinsa bai san irin wannan wuri ba.

Abin da nake ji a wurin shi ne tafin hannuna ya jiƙe har sitiyari ya riƙa santsi, gwiwar ƙafar da ke kan birki ta ɗauki rawa, bakina ya bushe, in ji kamar motar na jan kanta zuwa baki alhali tana kan layinta. Wannan ba aljanu ba ne, ba kuma raunin imani ba. Jikin ɗan Adam yana tsayar da kansa ne da taimakon ido da cikin kunne da gaɓoɓi. Ido yana buƙatar wani abu tsayayye a kusa da zai auna kansa da shi. Idan abin da ke gabansa ya yi nisa ƙwarai, kamar gindin kwazazzabo, sai saƙon ido ya saɓa wa saƙon kunne, jiri ya taso, zuciya ta hau bugu. Wani bincike da aka wallafa a Jamus a 2013 ya gano cewa kusan kashi 28 cikin ɗari na mutane suna fama da irin wannan rashin jure kallon tsayi. Ke nan a motar haya da ta cika, da wuya a rasa 'yan mutane masu shi, kuma babu abin da ya keɓe mai riƙe da sitiyari.

Ga yadda ɓoyayyen tsoro ke kisa. Na farko, mota tana bin inda ido ya kafe. Wanda ya zuba wa ramin ido, hannunsa zai karkata can ba tare da ya sani ba. Na biyu, mai tsoron baki yakan manne wa jikin dutse, har ya shiga hannun mai tahowa a kwanar da ba a ganin gabanta. Na uku, yakan taka totur don ya gama da wurin da wuri. Na huɗu kuwa, wanda ya fi kowanne muni, shi ne ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman gangara har ƙasa. Birki da gogayya yake aiki, gogayya kuma zafi take haifarwa. In zafin ya wuce ƙima, birkin ya daina kamawa, man birki ma yana iya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa babu amsa. Sai gobe a ji labari an ce birki ya shanye, kamar dai abin daga sama ya faɗo.

Wani dattijon direban babbar mota ne ya warware mini wannan a wani wurin shan shayi a Maisamari. Ya ga na fito daga mota ina goge hannu a riga, bai yi dariya ba. Ya kai hancinsa kusa da tayar wata mota da ta iso daga wata doguwar gangara, ya ce in zo in shaƙa. Ƙauri ne kamar na ƙonanniyar roba, ƙarfen tayar kuma ba ya taɓuwa don zafi. Ya ce, "Ɗana, ka ji wannan? Mai motar nan da ƙafa ya sauko. Giyar da ta hau da kai, ita za ta sauko da kai. Bar injin ya riƙe motar, birki kuwa ka taka ka saki." Na ce, "Baba, to in kaina ya fara juyawa fa?" Ya ce, "Idonka a kan kwalta, tsawon mota uku a gabanka. Ramin ba naka ba ne, bar wa fasinja ya kalla." Ya kuma ja kunnena game da masu sakin mota a firi a gangara don tsimin mai, ya ce sun sayar da ransu a kan kuɗin lita ɗaya.

Tun daga nan na tsara wa kaina ƙa'idoji. Ba na hawan dutse da dare, ba na hawa da gajiyar yini a jikina. Gara in kwana a Serti in tashi da safe. Ina duba man birki da ruwan lagireto da tayoyi kafin in taso, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ba na lodin wuce ƙima, domin iskar sama ba ta da kauri, injin da ba shi da tabo yakan rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, wato motar da ta yi maka gardama a ƙasa za ta ci amanarka a sama. Idan hazo ya rufe, musamman da damina, ina neman wuri mai faɗi in tsaya. Ina gaya wa duk wanda ke motar tun a gindin dutse cewa ina da wannan matsala, kada a nuna mini ƙasa, kada a ja ni da hira. Ina kuma riƙe da abin da Sunna ta koyar da matafiyi, kabbara a hawa da tasbihi a gangara. Yana kwantar da zuciya, yana daidaita numfashi. Ranar da jikina ya ƙi, ina miƙa mabuɗi ga ɗan gari da ya saba da hanyar, in biya shi, in koma kujerar da ke ɓangaren dutse.

Wani zai ce mai irin wannan tsoro ya bar tuƙi mana. Idan abin ya kai mutum yana sandarewa ko ganinsa na dushewa, to lallai ya sauka daga kan sitiyari a irin wannan hanya har sai ya ga likita, kuma ana samun sauƙinsa ta hanyar sabawa da tsayi mataki-mataki a hannun masana. Amma mafi yawan masu tsoron ba su kai nan ba, kuma a ganina direban da ya san tsoronsa ya yi masa shiri ya fi amintuwa a kan wanda bai taɓa jin ɗar ba. Mai jin ɗar ba ya wuce tirela a kwana. Ba ya amsa waya a gangara. Wani kuma zai ce ai kowa da ranarsa. Gaskiya ne, amma tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗauki mataki, ba a madadinsa ba.

Sai dai duk shirin direba ba zai cike gurbin aikin hukuma ba. Kowa ya san sunan Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, kuma ba da alheri aka san shi ba; manyan motoci da yawa sun ƙwace a gangararsa sun tafi da rayuka. Hanyar dutse tana buƙatar shingen ƙarfe ko na kankare a duk inda akwai rami, a kuma tsare shi daga masu kwance shi su sayar. Shinge yana tare mota, yana kuma ba ido abin dafawa a kusa, jiri ya ragu. Tana buƙatar wuraren fakewa a gefe inda direba zai tsaya birki ya huce, da alamu masu ƙyalli a kwana, da allunan gargaɗi da Hausa da Fulatanci, ba Turanci kaɗai ba. Tana buƙatar 'yar hanyar tsira mai cike da tsakuwa a dogayen gangara, wadda babbar motar da birkinta ya shanye za ta faɗa ta tsaya. Alhazanmu da suka je ziyara Ɗa'ifa daga Makka ta hanyar Hada sun ga dutse mai tsayin gaske da aka killace hanyarsa, har akan rufe ta in yanayi ya ɓaci. Ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ya dace ta sa tuƙin gangara cikin abin da ake koyarwa kafin a ba da lasisi, domin yawancin yaranmu a fili suke koyon mota. Ƙungiyoyin direbobi kuma su buɗe ƙofa: wanda ya ce ba zai iya layin Gembu ba, a sauya masa layi ba tare da gori ba, kuma kada a tura sabon hannu dutse sai tsohon hannu ya raka shi.

Mu fasinjoji ma muna da laifi. Mu ne muke ce wa direba ya cika nawa, mu ne muke yaba wa wanda ya kawo mu da wuri ba tare da tambayar yadda ya yi ba. Idan direbanka ya sa giya biyu a gangara, ko ya tsaya ya wanke fuska, ko ya ce sai gari ya waye, ka gode masa, ka kuma tsawata wa mai yi masa ba'a. Mutumin nan yana ƙoƙarin mai da kai ga iyalinka ne, kuma sannu ba ta hana zuwa.